Ranar da Kawu Zailani Ya Fasa Gidansa

Amamata, ki ajiye duk abin da kike yi ki zauna, don wallahi yanzu na shigo gida, ko takalmi ban cire ba. Kawu Zailani ne. E, shi dai, yayan Mama, wanda da ya zo Kano ya ce muku rabin harkar inshorar London a hannunsa take. To gaskiyar ita ce, a ƙofar wani dogon bene yake aiki, shi ke miƙa wa baƙi katin shiga, kamfanin inshorar kuma yana can hawa na sha ɗaya. Amma shekara tara yana gaisawa da su a bakin lif, don haka a wajensa ya sauke karatun.

Bari in faro miki daga tushe.

Gidansu yana tsallaken titi da namu a nan Lewisham, ta tagar ɗakina nake hango ƙofarsu. Wata biyu da suka wuce ya shigo mana da sabuwar dabara, wai musayar gida. Kai ka tafi hutu gidan wasu, su kuma su zo su zauna a naka, mako guda, ba otal ba komai. Ya samo wani tsohon Bature a intanet, Bernard, da matarsa Pauline, suna da gida a wani ƙauye a bakin teku.

"Masu ilimi sun daina kama otal," in ji Kawu. "Ku dai ku zauna kuna kallo."

Matarsa, Anti Murja, teku bai dame ta ba. Ita damuwarta ɗaya ce, tukwanenta. Manyan tukwanen biki ne guda uku, na mahaifiyarta, da tsohuwar ta rasu aka auno mata su daga Kano a jirgin ruwa. Babbar cikinsu ni kaina zan iya shiga in zauna a rufe. Daga nan har Tottenham babu suna ko walimar da aka yi ba a dafa a cikinsu ba, kuma a ƙarƙashin matakalar bene suke kwana, an lulluɓe su da zani kamar jarirai.

"Bari in tsallaka da su gidan ƙanwarka kafin mu tafi," ta ce masa.

"Ki kunyata ni a gaban baƙi? Su ga mun kwashe kaya kamar muna zarginsu? Ai abin da aka yi inshora dominsa ke nan."

"Baban Affan, inshora ba ta san uwata ba. Idan ko murfi ɗaya ya yi ƙafa, ni da kai ne."

"Ki sa ido ki ga aiki."

Sai ya tsallako gidanmu don a samu 'yan kallo, ya zauna a kujerar Baba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya kira kamfanin inshorar gidansa ya sa a sifika. Wata mata ta ɗauka. Ya gaya mata baƙi za su zauna a gidansa mako guda, da irin Turancin nan nasa na ranar Juma'a, wanda yake fitowa ta hanci. Ta yi masa tambayoyi, har ta zo kan: "Mutum nawa ne ke da makullin gidan?"

"Biyu," ya ce. "Ni da madam."

Mama ta ƙware da shayi, don nata makullin yana cikin jakar da ke kan cinyarta.

Matar ta ce to, sun amince, amma ya saurara da kyau: muddin baƙi suna gidan, idan aka yi sata ba za su biya ba sai an ga alamar an fasa ƙofa ko taga an shiga da ƙarfi. Kawu yana ta "noted, noted", yana kashe mana ido. Da ya ajiye wayar ya ce, "Kun ji yadda muryarta ta yi sanyi? Ta gane da ɗan gida take magana."

"Yaya, makulli biyu fa ka ce," in ji Mama.

"Ke da kika karanta aikin jinya, me ya haɗa ki da inshora? Sauran ai na zumunci ne, ba a lissafa su."

Ranar Asabar su Kawu suka tafi, Bernard da Pauline suka iso da 'yar jakarsu da littafin taswirar London. Mu kuma muna hutun makaranta na tsakiyar zango, don haka na kafa kujera a taga.

Lahadi da azahar sai ga Malam Nashiru, mai tasi. Shekara shida ke nan duk ranar da aiki ya biyo da shi unguwarmu a falon Kawu yake sallah, kuma ba wanda ya tuna ya gaya masa an yi musaya. Ya sa makullinsa ya buɗe, ya yi sallama, ya tarar da Baturiya a kan kujera tana saƙa. Ya gaishe ta, ya wuce banɗaki ya yi alwala, ya shimfiɗa darduma a gaban talabijin. Pauline ta rage murya har ya idar.

Litinin wata mata daga Deptford ta zo ɗibar namanta, don tun layya rabin ragonta yana firizar Anti. Ita ma da makullinta.

Talata kuwa, Amamata, tasi ta tsaya, wani mutum ya fito da jaka biyu manya da hula zanna, daga filin jirgin sama na Heathrow kai tsaye. Sunansa Abdul-Salam, ya zo wani kwas. Bai taɓa ganin Kawu ba a rayuwarsa. A Kano wani abokin Kawu ya ba shi makulli da adireshi, ya ce in ka sauka ka wuce kawai, gidanmu ne. Kin ji, makullin gidan Kawu har Kano ya je ya dawo, ni kuwa sau ɗaya tak na je tun da muka zo.

Mama ta yafa mayafi ta tsallaka ba da haƙuri, ta tarar Bernard ya riga ya kai masa jakunkuna ɗakin Affan, ɗan Kawu, tunda shi yana jami'a, ya kuma dafa masa shayi. Wai shi ya ɗauka duk cikin tsarin musayar ne, har yana cewa "lovely", rabon da gidansu ya cika haka tun yaransu suna ƙanana.

Jiya Laraba sai ga Hajiya Zarah, ƙawar Anti, da farar van. 'Yarta ce ta haihu a Tottenham, yau da safe suna. Ta buɗe da nata makullin, ta fito da tukwanen nan uku, Bernard da kansa ya kama mata kunnen babbar suka sa a mota. Ina taga ina gani. Kuma ta riga ta kira Anti Murja a waya, Anti ta ce ta ɗauka. Wanda bai sani ba mutum ɗaya ne a duk ƙasar nan.

To yau. Wajen ƙarfe biyu na rana sai na hango Kawu yana tahowa daga tasha shi kaɗai. Ashe a ƙauyen nan babu yaji, kantin garin barkonon Turawa kawai gare shi, wanda ko atishawa ba ya sawa, shi ne Anti ta turo shi a jirgin ƙasa ya ɗauko mata nata. Bernard da Pauline sun tafi kallon jiragen ruwa a Greenwich, Abdul-Salam yana sama yana ramuwar barci.

Kawu ya shiga. Minti biyu bai cika ba ya fito ba hula, ya tsaya a tsakiyar titi yana juyawa kamar wanda ya sauka a tashar da ba tasa ba. Na sauko da gudu.

"Kawu, sannu da zuwa. In tukwanen ne..."

"Wa ya ce miki tukwane? Kin gaya wa wani?"

"A'a, dama Hajiya..."

"Na'ima, wannan magana ce ta manya, ta shari'a. Kalma ɗaya kika furta ba daidai ba, kin rusa mini case. Rufe bakinki ki koma gefe."

To ni yarinya ce mai biyayya. Na rufe bakina na koma gefe, inda zan fi gani sosai.

Da ya kira Anti, da a minti ɗaya magana ta ƙare. Amma ya kira ta ya ce mata me? Sai ya kira inshora ya ce an sace masa tukwane. Na ji matar tana tambaya, "An fasa ƙofar ne ko taga?" Kawu ya kalli ƙofar, lafiyarta lau, har sheƙi take. Ya ce, "Bari in duba sosai, zan sake kira."

Ya nufi gidan Baba Rwang, maƙwabcinsa, mutumin Jos ne, kafinta. Ya same shi a gaban gida yana goge wani katako.

"Rwang, ara mini guduma da dogon ƙarfen nan naka na ɓanɓare katako."

"Me za ka ɓanɓare?"

"Ƙofata."

"Makulli ya ɓace ne?"

"Ga shi a hannuna."

Baba Rwang ya kalli makullin, ya kalli Kawu. "Malam Zailani, rana ta buge ka a bakin tekun ne? Ai na ji ba su da ita."

"Harkar inshora ce, ba za ka gane ba. Kai dai katako ka sani."

"Katakon ne ma zan gaya maka. Ni na sa maka ƙofar nan. Ka ce in sa wadda ko soja ba zai iya ba, ka tara mutane ka yi jawabi."

"Kawo dai."

"Ga su. Dinatu, fito da kujera biyu," ya ƙwala wa matarsa kira. "Ki zo da gyaɗar nan."

Kawu ya ja ƙofar ta kulle, ya ɗaure rabin fuskarsa da mafilar sanyi, wai ko wani zai hango daga nesa ya ba da shaidar ya ga ɓarawo. Babbar rigarsa mai ruwan ƙwai kuwa tana jikinsa, wadda duk Lewisham an san ta. Ya soka ƙarfen a gefen ƙofa ya danna. Ƙarfen ya zame, Kawu ya tafi da baya ya zauna cikin kwandon shara na ganye.

"Ɗaya ba ko ɗaya," in ji Baba Rwang. "Ƙofa ke ci."

Ya tashi ya koma da guduma. Bugu uku, fenti kawai ya ɗan kankaro. Bugu na huɗu sai ƙofar ta buɗe da kanta, daga ciki. Abdul-Salam ne, da jallabiya, ido duk barci.

"Bawan Allah, lafiya? Masu gidan ba sa nan."

"Ni ne mai gidan. Kai kuma wa?"

"Baƙon mai gidan."

"Ban san ka ba."

"Ni ma haka. Amma bismillah, shigo, akwai shayi."

"Koma ciki ka rufe. Ka murɗa makulli sau biyu."

Abdul-Salam ya koma ya rufe, na ji yana cewa London sai a hankali.

Kafin nan mutane sun fara taruwa. Matar gida mai lamba tara ta leƙo ta taga da wayarta, masu jiran bas sun bar bas ta wuce. Kawu ya ja da baya har bakin titi, ya tattare riga, zai zo da gudu ya bangaji ƙofar da kafaɗa irin na fim. Daidai lokacin Malam Nashiru ya faka tasi, la'asar ta yi. Bai ma lura da mai shirin gudu ba, ya hau matakala, ya sa makullinsa, ya tura ƙofa. Kawu kuwa ya riga ya taso. Ya wuce ta gefen Malam Nashiru kamar iska, ya shige gidan, sai ƙarar faɗuwar abin rataye riguna muka ji daga ciki.

"Alhaji, ka dawo ke nan?" in ji Malam Nashiru. "Wannan sauri haka, ko alwala ce ta matse ka?"

Kawu ya fito yana ɗingishi, da lema a maƙale a aljihun rigarsa. "Ku daina buɗe mini ƙofa. Don Allah, don Annabi, kowa ya daina buɗe ƙofar nan."

"To mu shiga ta ina?"

"Kada ku shiga. Fasa ta ake yi."

Wannan karon ya sa bakin ƙarfen a ramin makullin, ya dinga dukansa da guduma, yana gumi, mafila ta zame ta koma wuya. Sai muka ji ƙas, wani abu ya karye a ciki. Kawu ya ɗaga hannu sama kamar ya ci ƙwallo. Ya tura ƙofar. Ba ta motsa ba. Ya sa makullinsa, ya ƙi shiga. Malam Nashiru ya gwada nasa, shi ma haka. Ƙofa dai ba ta buɗe ba, kuma yanzu ba mai iya buɗe ta. Abdul-Salam ya leƙo ta tagar sama yana tambaya ko haka ake kulle baƙo a ƙasar nan.

Abin da Kawu ya manta shi ne ƙararrawar ƙofarsa mai kyamara ce. Shi da kansa ya sa wa Bernard ita a waya, yana cewa gidansa ya fi banki tsaro. Bernard yana can Greenwich wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya ga ƙato da rufaffiyar fuska yana dukan ƙofa da guduma. Ya kira 'yan sanda, suka kamo tasi shi da Pauline.

Motar 'yan sanda ta riga su isowa. Mace da namiji. Macen ta ce ya ajiye gudumar a hankali.

"Officer, gidana ne. Ni ne aka yi wa sata."

"Kai aka yi wa sata, kuma kai ke fasa ƙofar?"

"Ina duba yadda ɓarayin suka shiga ne. Bincike. Ni ma kusan abokin aikinku ne."

"Katin shaida?"

Yana bakin teku, a jakar Anti.

"Akwai wanda ya san mutumin nan?" ta tambayi jama'a.

Baba Rwang ya tauna gyaɗarsa ya haɗiye tukuna. "Rigar dai na san ta."

Mama ce ta iso daga aiki ta cece shi, ta ce yayanta ne, Allah ne ya haɗa su, ba ita ta zaɓa ba. Sai ga Bernard, ya fito daga tasi yana haki, ya ƙura wa Kawu ido ya ce, "Ah, Zailani ne. Me ya sa ba ka yi amfani da makulli ba? Kowa da shi yake shiga."

'Yar sandar ta juyo. "Kowa? Su wa ke da makullin gidan nan?"

"Biyu ne kawai," in ji Kawu, amma muryar ba ta fito ta hanci ba wannan karon.

Mama ta ɗaga nata. Malam Nashiru ya ɗaga. Baba Rwang ya laluba aljihu ya ɗaga, Dinatu ta ce nata daban ne. Matar lamba tara ta kaɗa nata ta taga. Abdul-Salam ya miƙo nasa daga sama. Ni ma dai na ɗaga nawa, don ƙarya ba kyau.

Ana cikin haka farar van ta shigo layin tana hon. Hajiya Zarah ta sauko da ankon suna, ta buɗe baya. Ga tukwane uku an wanke su tas suna walƙiya, ga kula cike da waina da miyar taushe, don ba a mayar da tukunyar aro haka nan.

"Alhaji, kai ma ka zo taya mu murna? Ka gaida Murja, jiya da na kira ta ta ce in ɗauka. Baturenku ma ya taya ni, Allah ya yi masa albarka. Me ya samu ƙofar?"

Kowa ya juyo ya kalli Kawu. Baba Rwang ya ƙara jefa gyaɗa a baki.

'Yar sandar ta rufe ɗan littafinta. Ta ce ƙofarsa ce, in ya ga dama ya cinye ta, amma tunda na gaya mata ya riga ya kai wa inshora rahoton sata, gara ya kira su yanzu a gabanta ya gyara maganarsa, kafin abin ya zama nata. Ya kira. Ta ce ya sa a sifika. Matar nan dai ta ɗauka.

"An ga kayan," in ji Kawu. "Dama gwaji ne nake yi muku, in ga saurinku."

"To ƙofar fa, an fasa?"

"An ɗan taɓa ta."

"Wa ya taɓa ta?"

Kawu ya kalli gudumar. Baba Rwang ya matso kusa da wayar ya ce, "Ɗan gida ne, madam."

Ta ce abin da mai gida ya lalata da hannunsa da gangan ba su da ruwa da shi. Ta ce kuma a takardarsu makulli biyu ne, amma tana jin hayaniyar mutane da yawa, don haka za su sake duba inshorar gidan gaba ɗaya, ya jira wasiƙa. Kawu ya buɗe baki zai ce "noted", bai fito ba.

Duk wannan abin ashe Mama ta kira Anti Murja ta bidiyo, ta ɗaga wayar sama tun zuwan van. Anti tana zaune a lambun Pauline, teku a bayanta, da kofin shayi.

"Nuna mini su," ta ce. Mama ta nuna mata tukwanen ɗaya bayan ɗaya, har murafe. "To alhamdulillahi. A tsallaka da su gidanku, can za su zauna daga yau. Shi zai ɗauka, kada kowa ya kama masa."

Haka Kawu ya yi sawu uku a gaban jama'a. Babbar sai da ya kifa ta a ka, ba ya ganin gabansa, Malam Nashiru yana tsayar masa da motoci yana cewa dama, hagu. Baba Rwang kuma ya hau tsani ya shiga ta tagar sama, ya kwance ƙofar daga ciki, ya sa sabon makulli mai 'ya'ya uku. Anti ta raba su daga bakin teku: ɗaya na Bernard har su tafi ranar Asabar, ɗaya Mama ta ajiye mata, ɗaya na Abdul-Salam, don shi baƙo ne, bai yi laifin komai ba.

Kawu ya karɓi wayar, ya juya mana baya, ya rage murya, amma duk muna ji.

"Murja, bari in kamo jirgin yamma in taho."

"A'a, zauna. Ni da teku muna lafiya."

"To gidan akwai baƙi, kuma ba ni da makulli. A ina zan kwana?"

Anti ta kurɓi shayinta.

"Kira inshora," ta ce, ta kashe wayar.